Cebureki a gida: ɗanyen nama ake sawa, ko sai an dafa shi tukuna?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san cebureki, soyayyen abincin nan na ƙasashen Rasha da Yukren mai siffar rabin wata, wanda ake cusa wa niƙaƙƙen nama. Ina so in saka shi cikin kayan buɗa baki na azumin bana. Na kalli masu yin sa da dama, amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, duk wanda na gani ɗanyen nama yake zubawa a cikin kwaɓin, ba ya soya shi tukuna kamar yadda muke yi wa samosa, alhali suyar gaba ɗayanta ba ta wuce minti biyar ba. Na biyu, wasu suna zuba barasa cokali ɗaya ko biyu a cikin fulawar, suna cewa sai da ita bayansa yake yin ƙananan kumburin nan masu ƙaras-ƙaras. Shin akwai hanyar da za a yi shi ya fito daidai ba tare da barasa ba, kuma ba tare da an ba iyali nama ɗanye ba?

Hajiya Mai Abincin Biki: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ni dai shawarata ita ce ki soya namanki da albasa da attarugu da kayan ƙamshi, ki bari ya huce, sannan ki naɗe. Shekara da shekaru ina girkin taro, kuma ban taɓa yarda an rufe ɗanyen nama cikin fulawa an jefa a mai ba, domin bayan zai yi ja cikin bai nuna ba, sai baƙo ya gutsura ya tarar da jini-jini. Barasa kuwa ba ma abin tattaunawa ba ce a gidan Musulmi.

Baban Khalil: Hajiya, a gafarce ni, amma idan aka soya naman kafin a naɗe, abin da zai fito babbar samosa ce, ba cebureki ba. Na yi karatun likitanci a Simferofol, babban birnin Kirimiya, a lokacin da 'yan Najeriya suke da yawa a can, kuma yankin ne asalin wannan abinci. Abin da mutanen wurin suke nema a cikinsa shi ne romo. Idan mutum ya ɗauko shi da zafinsa, sai ya riƙe shi a tsaye da hannu biyu, ya ciji kusurwar sama, ya zuƙe romon da ya taru a ciki, sannan ya ci sauran. Wanda aka buɗe aka tarar da nama a bushe, ana ɗaukar mai shi bai iya ba. Wannan romo kuwa ba ya samuwa sai naman ya shiga ɗanye, haɗe da albasa mai yawa da ruwa, ya dahu a cikin turirinsa yana rufe.

Game da tsoron rashin nuna, sirrin yana wurin kauri. Ba dunƙulen nama ake sawa ba. Cokali ɗaya da rabi zuwa biyu ake ɗiba, a shimfiɗa shi a rabin faifan kwaɓin, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita. Man yana wajen digiri 180, ruwan da ke ciki yana tafasa nan take, shi ya sa za ki ga abin ya kumbura. Niƙaƙƙen nama yana zama lafiyayye idan zafin cikinsa ya kai digiri 71, kuma siririn shimfiɗi irin wannan yana wuce haka kafin minti biyu ko uku na kowane gefe su cika. Inda ake samun matsala shi ne a tara nama tuli a tsakiya, ko man ya yi zafi fiye da kima ya ƙona bayan kafin cikin ya ji wuta.

Ummu Sumayya: Dakta, mun gode da wannan bayani. To maganar barasar fa? Su mutanen da suka ƙirƙiro shi suna sawa ne?

Baban Khalil: Malama, waɗanda suka ƙirƙiro shi 'yan ƙabilar Tatar ne na Kirimiya, kuma Musulmi ne 'yan uwanmu. Kwaɓinsu na gargajiya fulawa ce da ruwa da gishiri, wasu su ƙara ɗan mai, naman kuma na rago ne ko na sa. Barasar dabara ce da ta yaɗu a girkin gidajen Rasha bayan abincin ya bazu cikin Tarayyar Sobiyet. Dalilin da ya sa take aiki ba ɓoyayye ba ne: tana ƙafewa da sauri fiye da ruwa idan ta ji zafi, sai ta ɗaga fatar kwaɓin, kuma ba ta sa fulawa danƙo kamar yadda ruwa yake sawa. Amma ana samun wannan kumburi ta hanyar murza kwaɓin ya yi siriri sosai, da saka mai a cikinsa, da tabbatar da man suyar ya yi zafi yadda ya kamata. Wasu suna ƙara ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya, wasu kuma su kwaɓa da ruwan soda mai gas wanda ba shi da zaƙi.

Abin da ya fi barasa muhimmanci ga 'ya'yanmu da ke karatu a can shi ne naman. A shagunan titi na biranen Rasha da Yukren sau da yawa ana haɗa naman sa da na alade a cikin cebureki, don haka tambaya wajibi ce kafin a saya, ko kuma mutum ya nemi gidan abincin Tatar ko na 'yan Uzbekistan mai shaidar halal.

Ɗalibar Eskishehir: Ina gaida iyaye da yayye. Ina so in ƙara wani abu a kan tarihin, domin garin da nake karatu a Turkiyya da wannan abinci aka san shi, har baƙi sukan yi layi a gidajen da ake soya shi. Bayan Rasha ta haɗe Kirimiya a 1783, sannan bayan yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, 'yan Tatar da yawa sun yi hijira zuwa ƙasashen Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Wasu suka zauna a nan Eskishehir da kewayenta, wasu a yankin Dobruja da ke Romaniya a yau, kuma duk inda suka sauka sun kai wannan girki. Sai kuma a watan Mayu na 1944 gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, ta kwashe kusan mutum 190,000 daga cikinsu a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa Uzbekistan, ba a bar su komawa gida da yawa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Wannan na cikin dalilan da suka sa abincin ya zama ruwan dare a Asiya ta Tsakiya. A nan ma ɗanyen nama ake sawa, kuma na nan ya fi na Rasha ƙanƙanta da rashin kauri, shi ya sa ake jera wa mutum guda da yawa a faranti ɗaya, a haɗa masa da tsinkakken nono mai gishiri.

Hajiya Mai Abincin Biki: Na ji tarihi, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma naman Turkiyya da na Rasha daga firji yake fitowa ya shiga injin da ake wankewa. Mu nan, mace za ta aika yaro kasuwa a niƙo mata nama a injin da tun safe ake zuba masa na mutane, ya dawo da shi cikin leda a tsakar rana. Wannan shi za a zuba wa ruwa a ajiye?

Baban Khalil: Hajiya, wannan magana taki gaskiya ce, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Niƙaƙƙen nama ya fi yankakke saurin lalacewa, domin niƙan yana baza ƙwayoyin cutar da ke bayan tsoka zuwa ko'ina cikinsa. Sai dai maganin wannan ba soya shi sau biyu ba ne. A sayo sabon yanka daga mahaucin da aka amince da shi, a niƙa a gida, ko a daddatsa shi da wuƙa a kan katako har ya yi laushi, wanda shi ne ma yadda ake yi tun kafin a sami inji, kuma ya fi riƙe romo. A haɗa shi a saka a wuri mai sanyi, kada ya wuce awa biyu a waje, a lokacin zafi kuwa kada ya wuce awa ɗaya. Naman da ya riga ya fara lalacewa, ko an soya shi kafin naɗi ba lallai ya kuɓutar da mai ci ba, domin wasu ƙwayoyin suna barin dafin da wuta ba ta kashewa.

Anti Rabi: Tun da an yi ta bayani ba a kawo awo ba, bari in ba da wanda nake amfani da shi, wanda na koya wurin wata maƙwabciyata 'yar Uzbekistan. Fulawa giram 500, wato kusan kofi huɗu, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da mai babban cokali uku, da ruwa mililita 250, wato kofi ɗaya. Ina tafasa ruwan tare da gishirin da man, in juye a kan fulawar ina juyawa da muciya, idan ya sha iska yadda hannu zai iya taɓawa sai in murza shi sosai na kamar minti goma. Da farko zai yi kamar ruwan bai isa ba, yana warwatsewa, kuma a nan ne mutane suke saurin ƙara ruwa. Kada a ƙara. Kwaɓin cebureki mai tauri ne, ya fi na fanke da na burodi tauri nesa ba kusa ba, kuma hutawa ce take sa shi laushi. A naɗe shi a leda a bar shi aƙalla minti 40, a sake murzawa kaɗan, a ƙara masa wani hutun in da hali. Ba a sa yis, ba a sa hodar kumburi.

Na ciki kuwa, nama giram 500 mai ɗan kitse, albasa giram 300 ko fiye, gishiri, masoro, da ruwan sanyi kamar rabin kofi zuwa kashi biyu cikin uku na kofi. Albasar ita ce uwar aikin. A yanka ta ƙanana ƙwarai, a zuba mata gishirin, a murtsuke ta da hannu har ta saki ruwanta, sannan a haɗa da naman. Ana zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa har naman ya shanye, haɗin ya koma kamar kunu mai kauri, yadda cokali zai shimfiɗa shi ba tare da an danna ba. Wannan awo yana ba ni guda 12 zuwa 14, gwargwadon faɗin da na yi.

Ummu Sumayya: Anti, me ya sa ruwan zafi? Na ga wasu da ruwan sanyi suke kwaɓawa, har da mai saka ƙwai.

Anti Rabi: Duka biyun ana yi, ƙanwata. Tafasasshen ruwa yana dafa wani sashe na sitacin fulawar, sai kwaɓin ya yi biyayya, ya murzu ba ya janyewa baya, kuma ba ya saurin yagewa. Shi nake ba wanda bai saba ba shawara. Na ruwan sanyi ya fi ƙaras-ƙaras idan an soya, amma yana da gardama wajen murzawa, sai an ba shi hutu mai tsawo. Ƙwai kuwa ni ba na sawa, domin yana sa fatar ta yi nauyi.

Malam Damagaram: Salamu alaikum. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne kayan ƙamshin. Gishiri da masoro kawai? Babu citta, babu tafarnuwa, babu attarugu, babu dunƙulen ɗanɗano? Idan na kai wa mutanen gidana wannan, za su ce uwargida ta manta da rabin kayan miya.

Ɗalibar Eskishehir: Baba, haka ake yin sa a nan ma, gishiri da masoro kawai, wasu su ƙara ganyen faski. Ɗanɗanon daga kitsen rago da albasa yake fitowa, kuma idan aka cika kayan ƙamshi, romon sai ya koma na farfesu.

Hajiya Mai Abincin Biki: To farfesun laifi ne? Kowane abinci idan ya shiga wata ƙasa yakan bi harshen mutanenta. Samosar da muke yi ai ba irin ta Indiya ba ce, kuma ba wanda ya kai mu ƙara.

Anti Rabi: Hajiya, a nan ina tare da ke, amma da sharaɗi. Ni ma ina sa attarugu guda ɗaya da 'yar citta, kuma ba su ɓata komai ba. Abin da nake hanawa shi ne duk wani abu mai shanye ruwa ko mai huda kwaɓi. Karas da koren wake da dankali, waɗanda muka saba zubawa a cikin naɗe-naɗenmu, suna tsotse romon, kuma gefensu mai tauri yana iya fasa siririn kwaɓi. Yajin ƙuli ma haka, garin ƙuli-ƙulin yana daskarar da haɗin. Wanda yake son yaji ya ajiye shi a gefen faranti ya riƙa dangwala. Shawarata ga Malam ita ce a karon farko a yi rabi da gishiri da masoro kawai, rabi da kayan gida, mutanen gidan su yanke hukunci da bakinsu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Anti. Saura naɗin da suyar, domin abin da nake tsoro shi ne ya fashe a cikin mai.

Anti Rabi: Tsoronki yana kan hanya, domin idan ya fashe romon yana zuba cikin tafasasshen mai, man ya yi ta tartsatsi, yana iya ƙona mutum, kuma sauran suyar duk za ta yi baƙi. A gutsuro kwaɓin kamar giram 55 zuwa 60, a murza shi da abin murji ko da kwalba har faɗinsa ya kai na ƙaramin faranti, santimita 18 zuwa 20, kaurinsa milimita ɗaya zuwa biyu. Kada a barbaɗa fulawa da yawa a kan tebur, domin ita ce take ƙonewa a cikin man, gara a shafa wa teburin ɗan mai. A shimfiɗa naman a rabi ɗaya, a bar tazarar yatsa ɗaya da rabi daga baki, kuma a kula kada ruwan naman ko kitsensa ya taɓa bakin, in ya taɓa ba zai manne ba. A ninko ɗayan rabin, a bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki a fitar da iska, sannan a danne bakin da yatsu, a bi shi da abin murjin, a gyara gefen da wuƙa. Masu danna cokali mai yatsu su yi a hankali kada ya huda.

Kada a naɗe duka a jera suna jiran wuta, wannan shi ne babban abin da yake fasa su, domin jiƙaƙƙen nama yana narkar da kwaɓin da ke ƙarƙashinsa cikin 'yan mintoci. A naɗa biyu, a soya biyu. Idan mutum biyu ne a madafa, aikin ya fi tafiya. Man ya zama mai zurfi yadda abin zai yi iyo, aƙalla santimita uku zuwa huɗu. A gwada zafinsa da ɗan gutsuren kwaɓi: idan ya taso nan da nan yana kumfa, ya yi. A zura cebureki a hankali daga gefen kasko, a riƙa ɗibar man da cokali ana watsa masa a baya, wannan shi yake tayar da ƙananan kumburin da ake so. A juya sau ɗaya kawai, da matsami ko da bayan cokali, ban da abu mai tsini.

Malam Damagaram: Wane mai ya fi dacewa? Mu nan man gyaɗa ne a hannunmu.

Baban Khalil: Man gyaɗa ya wadatar, Malam, yana jure zafi sosai. A can da man furen rana suke soyawa domin shi ne nomansu, kuma Yukren da Rasha su ne kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A da kuwa da kitsen rago ake yi. Manja ne kawai ba zan ba da shawara ba, domin ƙamshinsa zai rufe komai. Ga masu hawan jini ko waɗanda aka hana maiƙo, su 'yan Tatar suna da ɗan uwansa mai suna yantik: kwaɓi ɗaya, nama ɗaya, amma a busasshen kasko ake gasa shi ba mai, idan an sauke a shafa masa ɗan man shanu. Shi ma yana yin romo, sai dai wutar a rage ta, a ba shi lokaci ya fi na suya.

Hajiya Mai Abincin Biki: Dakta, na yarda za a iya yi a gida inda za a ci da zafi, amma ba zan saka shi a abincin taro ba. Abin da za a soya da hantsi a zuba a kula sai la'asar a raba, idan da romo a cikinsa ai kafin a buɗe ya jiƙe ya zama danƙo. A wurin nan soyayyen nama ya fi rufin asiri.

Baban Khalil: Ban musa ba, Hajiya. Ko a can ba a sayar da na kwana, a gabanka ake soyawa, kuma bayan rabin awa ya fara saki.

Ummu Sumayya: To idan mutum yana so ya rage wa kansa aiki, za a iya naɗewa a saka a firiza?

Ɗalibar Eskishehir: Ana yi, Anti, har a manyan shaguna ana sayar da daskararre. A jera su a tire ba tare da sun taɓa juna ba, a saka nan take bayan naɗi, idan sun daskare a juye a leda. Ranar suya ba a jira su narke, daga firiza sai mai, a ɗan rage wuta a ƙara minti ɗaya ko biyu, kuma a share ƙanƙarar da ke bayansu saboda tartsatsi.

Anti Rabi: Wannan sai inda wuta take tsayawa, 'yata. Idan aka ɗauke ta na rabin yini suka narke suka sake daskarewa, kwaɓin ya riga ya sha ruwa, zai tsage a cikin mai, naman ma ba abin amincewa ba ne. Ni abin da nake yi shi ne in kwaɓa fulawar tun dare in saka a firji, domin kwanan yana ƙara mata laushi, naman kuma sai ranar zan saya in haɗa. Idan an fito da kwaɓin a bar shi kamar minti 20 ya saki sanyi kafin a fara murzawa, in ba haka ba zai riƙa tsagewa a baki.